Yanda mai asma ko ciwon huhu zai ga likita ta waya lokacin annoba

Tambayar nan ta yi yawa wallahi, yau wannan gobe wancan: Mamana tana da asma, ko Babanmu huhunsa ya daɗe da taɓuwa, ga annoba ana yi muna tsoron mu kai shi asibiti ya kwaso wata cutar, an ce ana ganin likita ta waya, toh ya ake yi? Shi ne na ce bari in jera abin daki-daki kowa ya huta. Wannan ya shafi masu asma, da masu COPD wato toshewar hanyar numfashi da ta daɗe wadda tafi kama masu shan taba da waɗanda suka jima suna shaƙar hayaƙi, da waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo a huhu, da masu taurin huhu.

Kafin mu fara ku riƙe abu ɗaya. Likitan da ke waya bashi da abin sauraron ƙirji, bazai taɓa ka ba, bazai ga yanda kake haki lokacin da ka shigo ofishinsa ba. Duk hukuncin da zai yanke, akan abinda ka bashi ne zai yanke. Don haka yawancin aikin kafin kiran ake yinsa.

1. Nemo wanda zaka kira tun kana lafiya

Ka fara da asibitin da ka saba zuwa, su ke da fayil ɗinka, sun san maganin da kake sha da wanda aka gwada bai karɓe ka ba. Lokacin korona, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, asibitoci da yawa sun koma duba masu ciwon da ya daɗe ta waya, wasu kuma basu daina ba har yau. Ka tambaye su: wace lamba ake kira, wace rana likitan huhu yake zama, kiran murya ne ko na bidiyo, nawa ake biya kuma kafin kira ake biya ko bayan an gama, takardar magani ta ina zata iso maka, kuma idan netwok ya yanke wa zai sake kiran wani. Wannan ta ƙarshen mutane suna raina ta, sai kaga kowa ya zauna yana jiran ɗan uwansa ya kira har lokaci ya ƙare.

Hattara: ba duk wanda ya sa farar riga a hotonsa na Facebook bane likita. Idan manhaja ce ko kamfani, ka nemi cikakken sunan likitan da lambar rajistarsa ta hukumar likitoci ta ƙasarku. Kuma duk wanda ya ce zai warkar maka da asma ko COPD gaba ɗaya in ka tura kuɗi, rufe wayarka kawai, waɗannan cututtukan lallaɓa su ake yi da magani, ba a cire su.

2. Kayan aiki, da wanda zaka fara saya in kuɗi ya gaza

Waya mai caji, littafi da biro, da agogo mai nuna daƙiƙa, wanda na waya ma ya isa. Waɗannan kana da su. Na saye kuma a ganina ga yanda ya kamata a bi su: mai asma ya fara da bututun nan da ake haɗawa da inhela (maganin shaƙa na gwangwani) wanda ake kira sifesa, sai na'urar busawa da ake auna ƙarfin fitar iska, sai na'urar yatsa ta auna oksijin wato oksimita. Mai COPD ko taurin huhu shi oksimita zai fara saya. Ma'aunin zafin jiki kowa na buƙata, musamman ana annoba.

Farashi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma lissafin ɗaya ne ko'ina: na'urorin sau ɗaya zaka saya su daɗe, abinda ke cin kuɗi a hankali shi ne data, kuɗin ganin likita, batirin oksimita (yawanci ƙanana guda 2 take ci), da kuɗin kawo magani gida. Kiran bidiyo yafi na murya cin data nesa ba kusa ba, don haka in ba nuna wa likita wani abu zaka yi ba, murya ta wadatar. Kuma ka sayi oksimita tun ana zaman lafiya, lokacin korona ta yi tsada ta kuma ɓace a wurare da dama.

Kuskuren da ake yi anan: a kwashi kuɗi a sayo injin oksijin ko nebulaiza, wato injin da ke mayar da magani kamar tururi a shaƙa, ba tare da likita ya ce ba, alhali babu ko sifesa a gidan. Sannan manhajojin da ke cewa ka ɗora yatsa a kyamarar waya su auna maka oksijin, kada ka dogara da su ko kaɗan.

3. Koyi awo da kyau

Anan zan daɗe don nan ne ake ɓata komai.

Oksimita: ka zauna ka huta minti 5 tukuna, hannunka ya zama da ɗumi, in da sanyi ka murza tafukanka. Ka cire jan farce ko farcen roba, lalle mai duhu sosai a kan farce ma yana iya rikita ta, sai ka nemi yatsan da babu. Ka maƙala a ɗan yatsan tsakiya ko manuniya, ka ɗora hannun a ƙirji ko kan tebur kada ka motsa, ka jira kamar minti 1 sai lambar ta tsaya wuri ɗaya sannan ka rubuta. Lamba biyu take nunawa, ɗaya oksijin ce mai alamar SpO2, ɗaya bugun zuciya ne mai alamar PR, kuma mutane da yawa suna juya su, sai mutum yaga 78 na bugun zuciya hankalinsa ya tashi ya ɗauka oksijin ne, ko yaga 98 na zuciya ya kwanta da murna alhali oksijin ɗin na ƙasa. Duba alamar kafin ka rubuta.

Mai lafiyar huhu yakan nuna 95 zuwa 100. Masu COPD da yawa kuwa likita yakan sa musu 88 zuwa 92 a matsayin nasu daidai, don haka kada ka kwatanta lambar Baba da taka.

Hattara, kuma wannan babba ne ga masu baƙar fata: na'urar tana iya nuna lamba sama da gaskiyar abinda ke cikin jini. Wani bincike na Jami'ar Michigan a Amurka da ya fito a Disamba 2020 ya gano cewa ƙarancin oksijin da na'urar bata kama ba ya kusan ninka sau 3 a baƙaƙen fata idan aka kwatanta da farare, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a Fabrairu 2021. Ma'ana in na'ura ta ce 94 amma mutum yana haki baya iya magana, ka yarda da mutum ka bar na'ura. Haka in lambar tana ta sauka daga inda ta saba zama, saukar tafi lambar kanta muhimmanci.

Na'urar busawa: ka tashi tsaye ko ka zauna a miƙe, ka mayar da ɗan kibiyar zuwa sifili, ka ja iska har ƙirji ya cika, ka kama bakin na'urar da leɓe sosai kada iska ta fita ta gefe, sai ka busa da ƙarfi lokaci ɗaya kamar zaka kashe kyandir daga nesa. Sau 3 zaka yi ka rubuta mafi girma, ba matsakaici ba. Kada yatsanka ya tare hanyar kibiyar, kada harshe ya toshe bakin. Ana annoba kowa da tasa, ba a aro, kuma ka yi busawar a inda babu mutane kusa don tana sa tari.

Ƙirga numfashi: wani ne zai ƙirga maka ba tare da ka sani ba, don in ka sani zaka canza yanda kake yi. Ya kalli ƙirji yana hawa yana sauka na minti 1 cikakke. Babba a zaune yakan yi 12 zuwa 20.

4. Buɗe littafi, ka rubuta ranakun da kake lafiya

Mutane sai ciwo ya tashi suke fara awo, toh likita zai tambaye ka da can nawa take nunawa, kai kuma baka sani ba. Ka yi sati 2 kana awo safe da yamma lokacin da kake garau, kafin ka shaƙi magani. Lamba mafi girma da na'urar busawa ta baka a wannan lokacin ita ce taka ta ƙoshin lafiya, da ita za a dinga auna sauran.

Kowace rana layi ɗaya ya isa: kwanan wata, oksijin, bugun zuciya, lambar busawa, sau nawa ka shaƙi inhelar gaggawa wato wadda ake shaƙa in numfashi ya toshe, tari ya tashe ka da dare ko a'a, da kalar kaki. Eh kalar kaki, fari ne ko ruwan ɗorawa ko kore, ya ƙaru ko yana nan yanda yake, don ga mai COPD da shi likita yake gane ko ƙwayar cuta ta shiga. Kuma ka zaɓi wani aiki ɗaya da kake yi kullum, kamar tafiya daga ɗaki zuwa banɗaki ko hawa bene, ka dinga lura ko yau sai da ka tsaya ka huta. Irin wannan bayanin yafi "jikin dai da sauƙi" amfani sau dubu, kuma mun san halin iyayenmu, ko suna jin jiki in likita ya tambaya sai su ce Alhamdulillahi da sauƙi, shikenan a rufe magana.

5. Shirin ranar kira

Ka cika caji tun dare, ka gwada netwok a ɗakin da zaka zauna. In bidiyo ne ka fuskanci taga ko fitila haske ya zo fuskarka, in hasken na bayanka likita inuwa kawai zai gani bazai ga kalar leɓenka ba. Ka jingina wayar da wani abu yanda daga kai har ƙirji zai fito, ka sa riga mara nauyi. A kashe talabijin da rediyo, fanka ma in tana ƙara a rage ta, likita yana so yaji sautin numfashinka da yanda kake haɗa magana.

Ka tara duk magungunanka a gabanka da kwalayensu, har da na hawan jini da na suga da na gargajiya da wanda ka saya da kanka a kemis, kada ka ɓoye ko ɗaya, akwai magungunan hawan jini da na ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da ke tayar wa wasu masu asma da ciwo. Minti 10 kafin kira ka yi awo sabo. Ka ɗauki hoton shafin littafinka da tsohon sakamakon gwaji in akwai, ka tura ta hanyar da asibitin suka ce, ba a guruf ba. Ka rubuta tambayoyi 3 da suka fi damunka don ana fara magana mantawa ake yi.

In tsoho ne ko wanda baya jin yaren likitan, wani ya zauna kusa da shi da biro, amma dan Allah ku bar shi ya yi magana da bakinsa ko kaɗan ne, ta nan likita ke jin ko numfashi na yanke masa magana.

6. Cikin kiran

Gaisuwa a taƙaice, lokacin ba yawa. Ka fara da abinda ya canza da ranar da ya fara, misali: Likita kwana 4 kenan tari ya ƙaru, kaki ya koma kore, oksijin da yake zama 93 yanzu 90 yake nunawa, inhelar gaggawa da nake yi sau 1 a sati jiya sau 4 na yi, ba zazzaɓi, ba wanda ke mura a gidan. Kaga cikin numfashi biyu ka bashi abinda da sai ya yi minti 10 yana tono.

Sannan ka roƙe shi ya kalli yanda kake shaƙar inhela a kyamara. Wannan shi ne abu mafi amfani da kiran bidiyo ke yi wa mai ciwon huhu a ganina, saboda mutane da yawa shekara da shekaru suna fesa maganin a harshe suna cewa baya aiki. Inhela ta fesawa: a girgiza, a fitar da iska, a danna sau ɗaya ana jan iska a hankali, a riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10, a ɗan jira rabin minti kafin fesa ta biyu. Inhela mai garin magani kuma akasin haka ce, da ƙarfi ake zuƙa, kuma ba a hura iska a cikinta. In inhelar kullum ce mai sitiroyid, wato maganin rage kumburin hanyar numfashi, a kurkure baki a tofar bayan an gama don kada farin kurji ya fito a baki ko murya ta dishe.

Kafin a kashe ka maimaita masa abinda ka fahimta da bakinka: wane magani, sau nawa, kwana nawa, wanne zan daina, yaushe zamu sake magana. Ka ce ya turo a rubuce. Sunan magani a waya yana da saurin rikicewa, kada ka je kemis da abinda kunnenka ya ji kawai.

7. Karɓi tsarin ko-ta-kwana a rubuce

Ka nemi likita ya rubuta maka abinda zaka yi a mataki uku, yawanci da kala ake yi. Ga mai asma kore shi ne lambar busawa ta kai kashi 80 cikin 100 na lambarka ta ƙoshin lafiya ko fiye, ka ci gaba da maganinka. Ruwan ɗorawa daga 50 zuwa ƙasa da 80, ka bi ƙarin maganin da ya rubuta ka kira shi a ranar. Ja ƙasa da 50, wannan na asibiti ne. In lambarka ta lafiya 400 ce kenan 320 da 200 su ne iyakokinka, ka rubuta su ɓaro-ɓaro a bangon littafin don kada a tsaya lissafi lokacin da hankali ya tashi.

Wasu masu COPD likita yakan basu ƙwayar sitiroyid da maganin kashe ƙwayar cuta su ajiye a gida don ranar da ciwo ya motsa. Hattara: ba na sha duk ranar da aka ji kasala bane, in ka fara ka sanar da shi, kuma in kana da suga ka dinga aunawa don ƙwayar sitiroyid tana hawar da shi. Kada ka ba maƙwabci naka don tarinku yayi kama.

8. Magani kada ya yanke

Da inhela ta rage saura na sati 2 ka nemi sabuwar takarda, lokacin kulle kawo kaya na jinkiri. Girgiza gwangwani ka ji motsi ba shi ke nuna akwai magani ba, wanda babu ma'auni a jikinsa ka rubuta ranar da ka fara shi, na salbutamol wato inhelar gaggawa yawanci fesa 200 ne a ciki. In kana ƙarar da gwangwani 3 ko fiye na gaggawa a shekara, asmar bata kwanta ba, ka faɗa wa likita.

Kuskure mafi muni da aka yi lokacin korona: wasu sun daina inhelar kullum saboda sun ji ance sitiroyid na rage garkuwar jiki. Shawarar masana asma da COPD a lokacin ita ce a ci gaba da ita, don ciwon ya tashi a kwantar da kai asibiti tsakiyar annoba yafi haɗari. Nebulaiza kuma tana iya watsa ƙwayar cuta a ɗaki in mai yi ya kamu, inhela da sifesa sun fi, in kuma dole ne a yi a ɗaki shi kaɗai taga a buɗe. Mai oksijin a gida kada ya ƙara yawan oksijin ɗin da kansa don yana haki sai da izinin likita, ga wasu masu COPD yawansa na tara gurɓatacciyar iska a jini mutum ya fara gyangyaɗi, sannan ba taba ba wuta kusa da shi.

9. Lokacin da ba a tsayawa kiran waya

In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, mota zaku nema ko lambar gaggawa, ba layin ganin likita ba: mutum baya iya gama jimla ɗaya sai ya tsaya jan iska, leɓe ko harshe ko cikin baki ya canza kala yayi shuɗi ko toka-toka, ya rikice ko barci na ta fizgarsa, ciwon ƙirji mai tsanani, tarin jini, oksijin 92 ko ƙasa ga wanda ya saba 95 zuwa sama, ko ƙasa da 88 ga mai COPD, ko an shaƙi inhelar gaggawa ba sauƙi. Kafin a isa a zaunar da shi a miƙe kada a kwantar, mai asma a bashi fesa 1 ta sifesa duk rabin minti zuwa minti 1 har fesa 10. A sa takunkumi, a ɗauki littafin da magungunan, in da hali wani ya kira asibitin a hanya su san da zuwanku. Korona ta nuna mana wasu oksijin ɗinsu na faɗuwa sosai basu ji komai ba, don haka in mai ciwon huhu ya kamu da cutar da ake annobarta, a dinga aunawa sau 3 a rana ko yace lafiyarsa lau, kuma a kira likita tun ranar farko don wasu magungunan sai an fara su da wuri suke aiki.

10. Abinda dole sai an je da ƙafa

Gwajin ƙarfin huhu na asibiti, hoton ƙirji, gwajin kaki, gwajin jini da allurar rigakafi duk waya bata yi. Tarin da ya wuce sati 2 tare da rama da zufan dare sai an gwada kaki don tarin fuka, kada a yi ta canza magani ta waya. Ƙafa ta fara kumbura ma sai an gani da ido. Ka roƙi likita ya haɗa maka duk gwaje-gwajen a rana ɗaya, ka tambayi lokacin da layi yafi sauƙi, ka kuma tambaye shi rigakafin mura da na nimoniya da na annobar da ake ciki wanne ya kamace ka. In asibitin na da ajin motsa jiki na masu ciwon huhu ta bidiyo ka sa sunanka, anan ake koyar da jan iska ta hanci a fitar a hankali ta tsukakken leɓe, da tashi-zauna daga kujera gwargwadon ƙarfinka. Kuma kafin ka ajiye wayar ka karɓi ranar kira na gaba, in yau aka canza maka magani ko ciwon ne ya motsa ka ce a sa shi cikin 'yan kwanaki, ka rubuta ranar a saman shafin littafin.